Leza mai kwarara da leza mai bugu: abin da lambar wat ke ɓoye wa mai saye

Wanda ya tashi yin odar injin leza daga Sin ko Dubai zuwa shagonsa a Garwa, Marwa ko Njamena, tambayar da ya fi saurin yi wa dillali ita ce: wat nawa ne? Dillalai sun san haka, shi ya sa ake buga lambar da manyan baƙaƙe a jikin kwali. Amma ga inji mai wat 20 da ke sassaƙa suna a jikin sufana har ka ji ramin da farce, ga kuma wani mai wat 20 ɗin dai da ke ƙona katako da fata, in ka ajiye masa sufanar nan iyakarsa ya ɗan sauya mata launi. Lambar ɗaya ce, aikin ya sha bamban. Babban dalili shi ne yadda kowannensu ke sakin haskensa.

Iri na farko haskensa zuba yake ba yankewa muddin yana kunne, kamar famfon da aka bari a buɗe. A takardunsa za ka ga haruffan CW. Shi nake kira mai kwarara. Na biyu tara ƙarfi yake yi ya saki gaba ɗaya cikin ƙiftawar da ido ba ya riska, ya sake tarawa ya sake saki. Shi ne mai bugu. Tagwaye ne ma a tarihi: leza ta farko da Theodore Maiman ya kunna a Amurka a watan Mayun 1960 da dutsen yaƙutu mai bugu ce, kuma kafin shekarar ta fita Ali Javan da abokan aikinsa suka tayar da mai kwarara ta iskar hiliyam da niyon. Ta iskar CO2 da ake yanka katako da ita yau, da ta Nd:YAG da maƙeran zinariya ke walda da ita, duka a 1964 suka fito.

Lissafin da ke raba su gajere ne, kuma ya kamata mai shago ya iya shi da ka. Wat ɗin da ke jikin kwali matsakaicin ƙarfi ne, wato jimillar abin da injin ya fitar cikin sakan guda. Ga mai kwarara magana ta ƙare nan: wat 20 ne yanzu, wat 20 ne anjima. Ga mai bugu sai ka san abu uku: nauyin bugu ɗaya a ma'aunin jul, tsawon lokacin bugun, da yawan bugu a sakan. Ɗauki injin rubutu a ƙarfe na faiba, wato mai haifar da haskensa a cikin siririn zaren gilashi, mai wat 20, irin wanda ya fi yawa a kasuwa. Yana bugu 20,000 a sakan, kowane bugu milijul 1, wato kashi ɗaya cikin dubu na jul. Ninka su, ka sami wat 20 ɗin nan. To amma bugu ɗaya kimanin nanosakan 100 yake ɗauka, nanosakan kuwa kashi ɗaya ne cikin biliyan na sakan. Raba milijul 1 da nanosakan 100, sai ka ga a cikin bugun ƙarfin ya kai wat 10,000. A kowane sakan, lokacin da injin ya yi yana haske milisakan 2 ne kacal, wato kashi biyu cikin dubu na sakan. Sauran 998 tara ƙarfi yake yi. Aka kuma tattara wannan wat 10,000 a ɗigon da faɗinsa bai wuce mikiron 50 ba, kusan kaurin gashin kai. Ƙarfe ba ya samun sukunin narkewa a hankali, tururi yake zama ya tashi.

Wanda ya san madatsar Lagdo ya riga ya san dabarar. Ruwan Binuwai yana shigowa kaɗan-kaɗan, a tare shi, ranar da aka ɗaga ƙofa ya fito da ƙarfin da bai taɓa shigowa da shi ba. A cikin leza mai gajeren bugu irin wannan akan sa irin wannan ƙofa, ana ce mata Q-switch: tana hana haske kai-da-komo tsakanin madubin da ke cikin injin har ƙarfi ya taru, sannan ta buɗe.

Nan ne ake yi wa mutane wayo. Leza mai kwarara ma ana iya kunna ta a kashe da sauri, sau dubbai a sakan, kuma wasu dillalai za su ce maka ai tana bugu. Ba ta tara komai a lokacin da take kashe. Ƙaramin injin shuɗin haske mai wat 10, in ka sa shi yana kunnuwa rabin lokaci, ƙarfinsa a kunne wat 10 ne, matsakaicinsa ya sauka zuwa wat 5. Buɗe famfo da rufewa ba ya mayar da shi madatsa. A kan waɗannan ƙananan injinan kuma akwai wata ƙaryar: sau da yawa lambar da aka buga ta wutar lantarkin da injin ke sha ce, hasken da ke fita kuwa ƙila rubu'inta ne ko ƙasa da haka. Ka nemi a rubuta maka ƙarfin hasken da kansa.

Me ya sa gajartar bugu ke da muhimmanci haka? Saboda zafi tafiya yake yi a cikin ƙarfe, kuma tafiyar tana buƙatar lokaci. A inoks, wato farin ƙarfen nan da ba ya tsatsa, zafi yana bazuwa kimanin milimita 2 cikin sakan guda. Cikin milisakan 10, kimanin kashi biyu cikin goma na milimita. Cikin nanosakan 100 bai kai mikiron ɗaya ba. Don haka mai bugu ya kankare sama ya tafi, ƙasa bai ji labari ba. Za ka iya ɗaukar farantin da hannu da zarar ya gama. Mai kwarara kuwa zafinsa yana ratsawa ciki da gefe, ya narkar da wuri mai faɗi da zurfi. In aikinka haɗa ƙarfe biyu ne ko raba mai kauri, wannan narkewar kake nema. In aikinka rubutu ne a bayan agogo, ita ce za ta ɓata maka kaya. Maƙeri ya san bambancin wutar zugazugi da saran kurfi, ba ya kuma aika ɗaya aikin ɗaya.

Kada dai a ɗora komai a kan bugu. Tsawon zangon hasken ma, wato awon da ke bambanta wani irin haske da wani kamar yadda launi ya bambanta da launi, yana da tasa rawar. Hasken CO2 mai zangon mikiron 10.6 katako da fata da roba da gilashi suna shanye shi, ƙarfe mai sheƙi kuma yana mayar da kusan dukansa. Hasken faiba mai zangon nanomita 1064, wato mikiron ɗaya da ɗan ɗori, ƙarfe yana karɓarsa, amma ya ratsa farar roba mai garau ya wuce kamar babu ita, katako kuma ya ƙona shi dabbare-dabbare. Shuɗin haske na nanomita 450 shi ma ba ya yanka roba mai garau. Tambaya biyu ce ke nan a kowane inji: wane zango, kuma kwarara ko bugu.

Bari mu zauna kan injin rubutu, tunda shi ne ake yawan ɓata saitinsa. Mutane suna ɗauka ƙara yawan bugu ƙara ƙarfi ne. Akasin haka ne. Wat 20 ɗin ba ya ƙaruwa. In ka ɗaga daga bugu 20,000 zuwa 80,000, kowane bugu ya koma rubu'in milijul. Don sassaƙa mai zurfi, sauke yawan bugu zuwa mafi ƙanƙantar da injin ya yarda, ka rage gudu, ka maimaita zagaye da yawa kana juya kusurwar layukan cikawa a kowane zagaye, in ba haka ba gindin ramin ya yi kunya-kunya kamar gona. Don goge wuri ya yi fari da santsi, ɗaga yawan bugu ka ƙara gudu. Baƙin rubutu a inoks wanda ba ya cin ƙarfen kuwa, dumama saman ake yi har ya yi baƙar fata: gudu kaɗan, layuka a matse, a kuma ɗan kauce wa daidai wurin da hasken ya fi tattaruwa da milimita ɗaya ko biyu.

Gudu da yawan bugu a ɗaure suke. A gudun milimita 1,000 a sakan da bugu 20,000, tsakanin ɗigo da ɗigo mikiron 50 ne, wato da ƙyar suke taɓa juna. Ka ninka gudun ba ka taɓa bugun ba, layi ya fito ɗis-ɗis kamar ɗinkin hannu, a ce inji ya lalace alhali lissafi ne ya kuɓuce. Haka gilashin da ke tattara hasken. Na filin milimita 110 yana ba da ƙaramin ɗigo. Mai shago ya ga yana son rubuta babban allo, ya sayo na filin milimita 300, ɗigon ya faɗaɗa fiye da ninki biyu da rabi, ƙarfin da ke sauka a wuri guda ya ragu kusan ninki bakwai. Wat 20 a kan babban gilashi ba zai sassaƙa abin kirki ba. Mai son babban fili ya nemi wat 50 tun farko.

Akwai irin da ake kira MOPA, wanda ke ba ka damar zaɓar tsawon bugun da kanka, daga nanosakan kaɗan zuwa ɗaruruwa. Da shi ake fitar da launuka a inoks, da baƙi ƙirin a alminiyam mai rini, da rubutu a roba ba tare da ta kumbura ta ƙone ba. Ya fi tsada. A ganina wanda aikinsa lambar babur, farantin suna da zobe ne bai buƙace shi ba. Wanda ke karɓar aikin murfin waya da kayan roba shi ne zai ci ribar kuɗinsa.

A walda, hoton ya juya. Injin hannu mai kama da bindiga, na wat 1,000 zuwa 3,000, mai kwarara ne. Na wat 1,500 yana haɗa inoks mai kaurin milimita 3 zuwa 4 a wucewa ɗaya, ɗinkin siriri, ƙarfen bai cika lanƙwasa ba, gugar bayan aiki kaɗan ce. Ga masu ƙera ƙofofi, tankuna da teburan inoks abin so ne. Sharaɗinsa shi ne haɗin ya zauna daram. Waldar sanda tana cike giɓi, leza kuwa in giɓin ya kusa milimita ɗaya sai hasken ya zurara ta tsakiya ya wuce, sai an haɗa da na'urar tura waya. Yana kuma son iskar kariya, argon ko naitirojin. Babu ita ɗinkin ya yi baƙi ya yi ƙuraje. Kafin ka saya, ka tabbatar akwai inda za ka riƙa cika tukunyar a garinku, don wanda zai jira tukunya daga Duwala injinsa zai fi kwana a rufe.

Tagulla, azurfa, zinariya da alminiyam mai sheƙi suna da matsala biyu. Suna mayar da mafi yawan hasken nanomita 1064 muddin ba su fara narkewa ba, kuma suna kwashe zafi da gudu. Zinariya ta fi inoks saurin baza zafi kusan ninki talatin. Hasken da ya dawo zai iya bin hanyar da ya fito ya ƙona cikin injin, shi ya sa ba a miƙe bakin bindiga tsaye a kansu, ana ɗan kishingiɗa shi. Injin maƙeran zinariya ya bi da wannan ta hanyar bugu mai tsawon milisakan: misali jul 5 cikin milisakan 5, wato wat 1,000 a cikin bugun, isasshe ya karya sheƙin ya narkar da ɗigo. In yana bugu biyu a sakan, matsakaicinsa wat 10 ne kawai. Shi ya sa maƙeri ke riƙe sarƙa da yatsunsa a cikin akwatin yana ɗinke ta, dutsen da ke kusa da wurin bai fashe ba. Bugun nanosakan ya yi gajarta ga wannan aiki, tururi zai tayar ya bar rami. Walda tana son ƙarfe ya narke ya ɗan jima a narke. Akwai kuma na tsakiya da ake rubuta wa QCW, da lamba biyu irin 150 da 1,500: ta farko matsakaici, ta biyu ƙarfin cikin bugu, kuma ba ya wuce kashi goma cikin ɗari na lokaci a kunne a wannan ƙarfin.

Wanke tsatsa da leza shi ne inda aka fi sayar wa mutane abin da ba shi suka nema ba, don a hoton bidiyo duka biyun abu ɗaya suke yi. Mai kwarara na wat 1,500 ko 2,000 yana cin tsatsa mai kauri da sauri a kan ƙarfen gini, tirela ko garma, kuma ya fi araha a kan kowane wat. Amma yana dumama abin, yana iya narkar da fatar saman, siririn kwano kuma ya lanƙwashe. Mai bugu na wat 100 zuwa 300 ya fi jinkiri da tsada, sai dai yana ɗauke datti da fenti ya bar ƙarfen yadda yake. Kayan cikin injin mota, mazubin da ake zuba roba, duk abin da awonsa ke da muhimmanci, mai bugu ne nasu.

Injin CO2 mai kwalbar gilashi, wanda ake yanka roba da falanki da fata da shi, mai kwarara ne, kuma zafin ƙasarmu shi ya fi cuta. Kusan kashi goma cikin ɗari na wutar da kwalbar ta sha ne ke zama haske, sauran zafi ne da ruwa zai kwashe. Ruwan ana so ya zauna wajen digiri 18 zuwa 25. Akwatin sanyaya da ake yawan haɗowa kyauta, mai lamba 3000, fanka ce da lagireto kawai, ba ta iya sauke ruwa ƙasa da zafin ɗaki. A Garwa ko Kuseri cikin Maris da Afrilu, inda zafi ke haura digiri 40, ruwan zai fi ɗakin zafi, yanka ya ƙi ratsawa da rana tsaka, kwalba ta mutu tun ba ta tsufa ba. Mai lamba 5000 ko 5200, wanda ke da kwamfireso irin na firiji, shi ne na nan. A zuba tataccen ruwa irin na batir, don ruwan rijiya yana barin farin gishiri a cikin kwalba. Da damina kuma kada a sanyaya fiye da kima: in ruwan ya fi iskar ɗaki sanyi sosai, kwalba da madubai su yi gumi, ga wuta mai dubban bolt a gefe. A sa ma'aunin miliamfa a kan injin, mai nuna yawan wutar da ke bi ta kwalbar. Kwalbar wat 80 ba a son ta riƙa wuce wajen miliamfa 25, ko da manhajar da ke sarrafa injin ta ce da saura.

Tunda mai kwarara dumamawa yake, duk inda kan injin ya rage gudu, a kusurwa ko ƙaramin rami, zafi ya taru ya ƙone. Shi ya sa manhajar ke da ƙarfi na sama da na ƙasa: na ƙasa shi ne na kwana, a sauke shi. Iskar da ke hurawa ta bakin kan tana kore hayaƙi daga gilashi tana kashe harshen wuta. Ba a yanka katako ko ƙwarya babu ita, ba a kuma barin inji yana yanka a tafi sallah ko cin abinci. Masu aikin fata na Marwa su lura: fatar da aka jeme da bagaruwa tana karɓar zane lafiya, wadda aka jeme da sinadarin kurom, mai shuɗi-shuɗi a bakin yanka, hayaƙinta ba na shaƙa ba ne. Fatar roba kuwa da yawanta PVC ce, tana fitar da iskar da ke cin huhu ta kuma sa ƙarafan injin tsatsa cikin 'yan kwanaki. Gwajin mai sauƙi ne: gasa wayar tagulla ta yi ja, taɓa ta a jikin robar, mayar da ita cikin wuta. Harshen ya yi kore, kada ta shiga injinka.

Ƙurar hunturu ba ta bar kowane iri ba. Ƙwayar ƙura ɗaya a kan gilashi tana shan haske ta ƙone ta manne. A mai kwarara tabon yana dumama har gilashin ya tsage. A bindigar walda alamar ita ce ƙarfi ya faɗi farat ɗaya, ƙaramin gilashin kariya na bakin kuma ya yi ɗigon baƙi. Wannan gilashin kayan canji ne, a sayo shi da yawa tare da injin, a canza shi a ɗaki rufe da hannu mai tsabta. Wajen wuta, injin rubutu na wat 20 bai cika shan wat 500 ba, ƙaramin janareta ko sola mai kyau ya riƙe shi. Na walda mai wat 1,500 da na'urar sanyayarsa yana neman kilowat 6 zuwa 7, kusan amfa 30 a layin bolt 220, wayar shago ta yau da kullum ba za ta ɗauka ba. Dukansu suna son sitabilaiza da wayar ƙasa ta gaske, sandar tagulla a binne inda ake ɗan jiƙa ta da rani.

Ko a asibitin ido rabon aikin haka yake. Bayan an cire yanar ido, in fatar da ke bayan sabon gilashin ta yi hazo, bugun nanosakan mai milijul kaɗan ne ke huda ta ba tare da ya dafa abin da ke kewaye ba. Jijiyoyin bayan ido da ciwon sukari ya lalata kuwa, koren haske mai kwarara ake saki na ɗan lokaci don ya gasa wurin da gangan.

Idon mai aiki shi ma abin da zai same shi ke nan, ba da gangan ba. Duk lezar da ta wuce rabin wat tana aji na huɗu, mafi haɗari, kuma duk injinan da aka ambata nan sun wuce. Ƙiftawar ido tana ɗaukar kimanin rubu'in sakan. Kafin nan injin rubutu ya yi bugu 5,000. Hasken nanomita 1064 ma ba a ganinsa balle a ƙifta, jan ɗigon da kake gani na nuna wuri ne kawai. Yana ratsa ido ya tattaru a can baya, ba zafi, sai mutum ya ga baƙin tabo a tsakiyar ganinsa wanda ba ya gogewa. Baƙin gilashin walda da tabarau na rana ba don tare shi aka yi su ba, suna ma sa ƙwayar ido ta ƙara buɗewa. Tabarau na leza an rubuta zangon da yake tarewa da lambar OD, mai nuna ƙarfin tarewarsa, a jikinsa. Na CO2 ba ya aiki a faiba, na shuɗin haske ma haka. Bindigar walda ta fi kowanne haɗari, don hasken da ya yi tsalle daga inoks yana iya samun yaron shago ko mai wucewa a bakin titi. Aikinta a cikin ɗaki ne mai bangon kwano ko bulo da ƙofa a rufe, kowa da ke ciki da tabaransa, kuma bakin bindigar yana kallon bango.